Yadda Ake Ba Jariri Maganin Antibayotik Ba Tare da An Cutar da Shi Ba

A wasu gidajen kwalbar Ampiclox ta ɗigawa, wani maganin antibayotik, tana cikin kayan haihuwa, tare da hoda da man shafawa da kayan sanyi. Tun jariri bai kwana biyu a duniya ba za a fara ɗiga masa, wai a wanke masa ciki ko a kare shi daga ciwo. Babu wanda ya duba shi, babu wanda ya ɗora shi a sikeli, kuma lafiyarsa ƙalau. A wasu gidajen kuma akasin haka ne: jariri ya saki nono, jikinsa ya yi sanyi, amma a ce mai jego ba ta fita kafin arba'in, a tsaya jiƙe-jiƙe har gari ya waye. Na farko an ɗirka masa maganin da ba ya bukata, na biyu an hana shi wanda zai ceci ransa.

Antibayotik magani ne da ke kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya ko ya hana su hayayyafa. Su ne ke kawo wa jarirai nimoniya, sanƙarau, ciwon mafitsara, ruɓewar cibiya, ƙuraje masu mugunya, da mafi muni, shigar cuta cikin jini. A kan waɗannan babu kamarsa. Amma ba ya taɓa ƙwayar bairos, wadda ke kawo mura da yawancin tari da yawancin gudawar yara, kuma ba ya maganin zazzaɓin cizon sauro. Fitowar haƙori ma ba ciwo ba ce da za a sha mata Flagyl ko Septrin. Gudawar ruwa zalla maganinta ruwan gishiri da sukari na asibiti, da ƙwayar zinki, da nono. Sai an ga jini a bayan gida, ko ana zargin kwalara, ake maganar antibayotik, shi ma likita ne zai faɗa.

Mataki na farko: a kai shi a duba shi

Uwa ba za ta iya bambance ciwon bakteriya da na bairos da ido ba. Likitan ma wani lokaci sai ya ɗebi jini ko fitsari. Abin da ake so ki sani shi ne lokacin da ba a jira.

Jaririn da bai kai wata biyu ba hukuncinsa daban ne. Garkuwar jikinsa ba ta yi ƙwari ba, cuta kan bazu a jikinsa cikin sa'o'i, kuma ba lallai ya yi zazzaɓi ko kuka ba. Sau da yawa shirun da ya yi shi ne alamar. Ko ɗaya daga cikin waɗannan kika gani, asibiti ne a wannan lokacin, ko da tsakar dare ne:

- ya ƙi kama nono, ko yana kamawa ya saki ba ƙarfi;
- jijjiga ko taune-taune, ko ido ya ƙafe;
- zafin jiki ya kai 38 a ma'auni, ko ya sauka ƙasa da 35.5, jiki ya yi sanyi duk da an lulluɓe shi;
- ba ya motsi sai an taɓa shi, ko ko an taɓa shi ba ya yi;
- numfashi 60 ko fiye a minti ɗaya, ko ƙasan ƙirji yana faɗawa ciki sosai idan ya ja numfashi, ko yana nishi;
- maɗiga ta taso ta yi tauri, ko cibiya na fitar da mugunya kuma jan ya yaɗu zuwa fatar ciki.

Ƙirga numfashi abu ne da kowace uwa za ta iya. Ki bari sai yana kwance shiru, ba yana kuka ko shan nono ba. Ki ɗage masa riga, ki ajiye agogon waya kusa, ki zuba ido a cikinsa. Tashi da komawa ɗaya ke nan. Ki cika minti ɗaya cur, kada ki ƙirga rabi ki ninka, domin numfashin jarirai kan yi sauri ya ɗan tsaya ya sake ɗauka. Idan kin samu 60 ko fiye, ki sake ƙirgawa. Daga wata 2 zuwa wata 11 iyakar 50 ce, daga shekara ɗaya zuwa biyar kuma 40. Wannan shi ne ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta koyar da ma'aikatan lafiya, shi za a yi amfani da shi idan kin je.

Maigida, a nan naka aikin yake. Idan uwar ɗanka ta ce yaron nan ba daidai yake ba, nemo abin hawa kawai. Kada a biya kemis a ce a ba shi wani abu kafin a ƙarasa. Cokali ɗaya na maganin da ba a san kansa ba ba zai warkar da shi ba, amma yana iya ɓata gwajin jinin da zai nuna wace ƙwaya ce ta kama shi. A hanya uwa ta sa shi a ƙirjinta fata da fata, ta lulluɓe, ta riƙa gwada ba shi nono.

Mataki na biyu: a gaban likita

Kada ki bar wurin ba a ɗora shi a sikeli ba. Maganin jariri da nauyinsa ake lissafa shi, ba da shekaru ko ƙiyasin ido ba. Ga misali: a maganin nimoniya, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara na amoksisilin shi ne wajen miligiram 40 ga kowane kilo, sau biyu a rana. Yaro mai kilo 6 zai sha kusan 250 ke nan a kowane lokaci, mai kilo 9 kuma ya fi haka nesa. Ban kawo lissafin nan don ki rubuta wa ɗanki magani ba, domin wani ciwon awonsa daban, jaririn kwana goma kuma hanta da ƙodarsa ba sa fitar da magani kamar na ɗan wata goma. Na kawo shi ne don ki ga cewa awon da aka ba ɗan maƙwabciya, ko wanda aka ba ɗanki wata uku da suka wuce, ba nasa ba ne yau.

Ki faɗa wa likita gaskiyar duk abin da aka riga aka ba shi, har da na gargajiya da ragowar kwalbar da ke gida. Faɗa zai iya yi, amma gara ya sani. Ki gaya masa idan bakwaini ne, idan ya yi shawara, idan sikila ne, idan wani magani ya taɓa fito masa da ƙuraje ko kumburi.

Sannan ki tambayi abu huɗu, kuma a rubuta miki a takarda ko a jikin kwali: sunan maganin, mil (wato mililita, ma'aunin ruwan magani) nawa a kowane sha, sau nawa a rana, kwana nawa. "Cokali ɗaya" ba amsa ba ce. Ki tambayi ranar da za ki dawo da shi. Idan kuma likita ya duba ya ce mura ce, ba ya bukatar antibayotik, kada ki ga kamar kin yi asarar kuɗin mota. Matsa wa likita lamba da iyaye ke yi sai ya rubuta "mai ƙarfi" yana cikin abin da ya sa ƙwayoyin cuta ke daina jin magani.

Mataki na uku: idan an ce sai an kwantar da shi

Jaririn da cuta ta shiga jininsa ba maganin sha ake fara masa da shi ba. Allura ce ta jijiya, galibi ampisilin ko fenisilin haɗe da jentamaisin, na kwana 7 zuwa 10. Idan sanƙarau ne yakan kai mako uku. Za a sa masa kanula, 'yar robar da ake bari a jijiya ana tura magani ta ciki, a hannu ko ƙafa. Ki riƙa duba wurin: idan ya kumbura, ya yi ja, ko yaron na tsala ihu duk lokacin da aka tura magani, ki kira nas, wataƙila ta goce daga jijiya.

Ga inda ake yawan samun matsala. An haifi yaro ranar Litinin, ya kwanta ranar Laraba, kafin Asabar ya fara kama nono, gida kuma an sayi rago an gayyaci jama'a. Sai a zo ana roƙon sallama, in an hana a sa hannu a tafi da shi. Sauƙin da aka gani a kwana na uku alama ce maganin ya fara aiki, ba alamar ya gama ba. Raɗin suna ba ya bukatar jariri a zaure. A yanka rago, a yi addu'a, a kawo wa mai jego nata kason asibiti, taron mata a ɗaga shi.

Akwai iyalan da asibitin kwanciya ya yi musu nisa ƙwarai, ko babu halin zuwa ko kaɗan. Saboda irinsu aka yi wani babban bincike a Kwango da Kenya da Najeriya, Zariya na cikin wuraren da aka yi shi tare da Ibadan da Ile-Ife. A kan sakamakonsa da na wasu irinsa a Asiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2015 cewa idan tura jariri babban asibiti ya gagara, ƙwararren ma'aikacin lafiya a ƙaramin asibiti zai iya yi masa allurar jentamaisin sau ɗaya a rana, a haɗa da amoksisilin na sha na kwana 7. Wannan mafita ce ta dole, ba ta jaririn da ya galabaita ba ce, kuma ba izini ba ne ga mai kemis ya riƙa zuwa gida da allura. Jentamaisin idan ya yi yawa yana taɓa ƙoda da ji. Shi ya sa idan fitsarin yaro ya ragu yana kan wannan allura, sai a faɗa nan take. Wani abin lura kuma: jariri a gefen cinya ake yi masa allura, ba a ɗuwawu ba, don akwai babbar jijiyar ƙafa a wurin da kan iya lalacewa.

Mataki na huɗu: sayen maganin

Ki saya a kantin magani na asibiti ko wanda ke da rajista, ba a faranti ko bayan mota a tasha ba, inda kwalba ke wuni a rana. A Najeriya ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi. Wasu antibayotik suna da wurin kankarewa a jikin kwali, a tura lambar da ta bayyana ta waya a ga ko na gaskiya ne. Idan garin da ke cikin kwalbar ya dunƙule ya yi tauri ko ya sauya launi, danshi ya shige shi, ki mayar.

Idan an ce babu wanda aka rubuta, ga wani "duk ɗaya ne", ki duba sunan maganin na asali da ƙarfinsa, ko ki koma ki tambaya. Kuma ki sayi na kwanakin gaba ɗaya. Idan kuɗi ba su kai ba, ki faɗa wa likita tun farko ya rubuta wanda za ku iya kammalawa. Amoksisilin mai arha da aka sha har ƙarshe ya fi mai tsada da aka sha rabi.

Mataki na biyar: haɗawa da aunawa

Yawancin maganin yara gari ne a kwalba, sai an zuba ruwa. Ki tafasa ruwa ki bar shi ya huce sarai. Ruwan zafi yana lalata maganin, ruwan rijiya ko na leda da ba a tafasa ba kuma yana iya kawo wata cutar. Ki wanke hannu, ki bubbuga kwalbar garin ya saki. Ki zuba ruwa kamar rabin inda layin yake, ki rufe, ki girgiza sosai, ki bar kumfar ta kwanta. Sai ki ajiye kwalbar a kan abu mai lebur, ki sunkuyo idonki ya yi daidai da layin, ki ƙarasa ruwan har ya kai shi. Idan ya wuce layi maganin ya tsinke, yaro zai riƙa shan ƙasa da abin da aka rubuta. Idan bai kai ba ya yi kauri, zai sha fiye. Wasu kwalaben ba su da layi, an rubuta adadin ruwan ne a takarda, wannan gara mai harhaɗa magani ya haɗa miki a gabanki. Ki rubuta ranar da aka haɗa a jikin kwalbar.

Yanzu ga wurin da aka fi yin kuskure. Amoksisilin na ruwa kala biyu ne a kasuwa, kuma kwalaben sun yi kama. Wani an rubuta 125mg/5ml, wani 250mg/5ml. Na biyun ya ninka na farko ƙarfi. Idan likita yana son yaro ya sha miligiram 125, daga kwalbar farko mil 5 ne, daga ta biyu mil 2.5. Uwar da ta saba da ta farko, aka sayo mata ta biyu ba ta duba ba, za ta yi ta ba shi ninki biyu. Wadda aka yi wa akasin haka za ta yi ta ba shi rabi tana mamakin rashin sauƙi. Na ɗigawa kuma sun fi duka kauri. Duk lokacin da aka sayo sabuwar kwalba, ki gwada lambar da ke jikinta da wadda ke takardar likita.

Cokalin shayi na gida ba ma'auni ba ne. Ki ɗauko uku daga kwandonki ki gwada da ruwa, za ki ga kowanne da cikinsa. Murfin kwalba ma haka. Abin da ya dace da jariri shi ne sirinji da aka cire wa allura, mai mil 5, ko mai mil 1 idan awon ƙanƙane ne. Kuɗinta kaɗan ne. Kafin ki bar asibiti ki miƙa wa nas ki ce, "Sista, don Allah nuna mini a jiki inda zan tsaya." Ta ja miki layi da biro ko ta manna filasta a wurin. Wannan ya fi muhimmanci idan akwai ɗigo a lambar: tsakanin 0.5 da 5 ninki goma ne, kuma a rubutun gaggawa ɗigon kan ɓace.

Kafin kowane sha ki girgiza kwalbar, don maganin kan kwanta a ƙasa. Ki zuƙo, ki ɗaga sirinjin bakinta sama, ki ɗan ƙwanƙwasa iskar ta hau ki fitar, ki duba gefen baƙar robar ciki ya tsaya daidai kan layi.

Akwai kuma amoksisilin na ƙwaya mai narkewa, mai miligiram 250, wanda aka yi musamman domin wurare irin namu. Ba ya bukatar firiji ko layin kwalba. Ana sa adadin da aka rubuta a cokali ko ɗan kofi, a tatsa nono kaɗan a kai, ya narke, a ba yaro duka. Idan ciwon na amoksisilin ne, ki tambaya ko akwai shi. Amma kafso ko ƙwayar manya ba a fasa wa jariri a ƙiyasta.

Mataki na shida: ba shi ya sha

A bar ɗura. Kwantar da jariri a cinya, a toshe masa hanci, a tuttula masa magani idan ya buɗe baki neman iska, hanya ce ta tura ruwan cikin huhu. Yaron da ake nema wa maganin nimoniya sai a ƙara masa wata. Kakanninmu da haka suka yi reno kuma ba da mugunta ba, don haka ba da gardama ake hana su ba. "Hajiya, bari in nuna muku yadda malamar asibiti ta koya mini" ya fi saurin shiga.

Ki zauna ki rungume shi kamar za ki ba shi nono, amma kansa da kafaɗunsa a ɗage. Hannunsa ɗaya ya zagaya bayanki, ɗayan ki riƙe da hannun da kika tallafe shi. Mai yawan wutsil-wutsil a naɗe shi da zani. Ki shafa gefen leɓensa, zai buɗe. Ki sa bakin sirinjin ta gefe, tsakanin dasashi da kunci, ba tsakiyar harshe ba, ba kuma saitin maƙogwaro ba. Ki tura kaɗan, kamar rabin mil, ki tsaya har ki ga maƙoshinsa ya motsa ya haɗiye, sannan ki ƙara. Mil 5 na iya ɗaukar minti biyu ko uku, ba komai. Idan ya ƙware ko ya fara tari, ki dakata, ki ɗaga shi a kafaɗa har ya daidaita. Kada ki ba shi yana tsakiyar kuka mai shiɗewa ko yana barci.

Lokacin da ya fi sauƙi shi ne gab da shan nono, yana jin 'yar yunwa, sai nonon ya bi ya wanke ɗacin. Augmentin ma, wato amoksisilin da aka haɗa da sinadarin kilabulanik, da abinci ya fi zama a ciki. Kada ki juye maganin a cikin fida cike da madara ko kunu, don idan ya rage ba ki san nawa ya sha ba. Kada kuma a haɗa da zuma don zaƙi: yaron da bai shekara ba ba a ba shi zuma, tana iya ɗauke da ƙwayar da ke shanye jikin jarirai. Bayan an gama ki zare sirinjin gida biyu, ki wanke, ki bar ta ta bushe.

Sau biyu a rana na nufin kowace awa 12, sau uku kowace awa 8, don maganin ya zauna a jini ba yankewa. Ba safe, hantsi da azahar ba ne a ce an gama na yau. Lokutan salla na taimakawa. Mai sau uku: bayan Asuba wajen ƙarfe 6, bayan Azahar wajen ƙarfe 2, sai ƙarfe 10 na dare. Mai sau biyu: ƙarfe 7 na safe da bayan Magariba. Ki ja layuka a bayan kwali ki riƙa yin alama duk sha, musamman a gidan da uwa da kaka da yaya duk ke ba da magani, kowa na zaton ɗayan bai bayar ba.

Idan ya yi amai sosai kafin minti 30 da shan amoksisilin, ki bari ya huta ki sake ba shi awon sau ɗaya. Idan ya wuce minti 30, ya riga ya shiga jiki, ki jira lokaci na gaba. Ɗan tumbiɗi ba amai ba ne. Idan kuwa duk abin da ya shiga sai ya dawo, wannan ya zama na allura, ku koma asibiti. In kin manta, ki ba shi da zarar kin tuna, sai dai idan lokacin na gaba ya kusa, to ki tsallake wanda ya wuce. Ba a haɗa biyu don ramuwa.

Ajiya a garin zafi

Da zarar ruwa ya shiga garin, kwanakinsa sun fara ƙirguwa. Amoksisilin yakan yi kwana 7 zuwa 14, gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta. Augmentin da ire-irensa masu sinadarin kilabulanik ba sa jure zafi ko kaɗan, firiji suke so, kuma ba sa wuce kwana 7 zuwa 10. Idan ya koma ruwan ƙasa-ƙasa ya lalace. Wasu kuma, irin su kilaritromaisin, ba a sa su a firiji. Ki karanta ko ki tambaya. Firiza dai babu wanda ake sa wa.

A Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram cikin watan Afrilu, zafi na haura 40, wuta kuma sai ta ga dama. Idan babu firijin da za a dogara da shi, ki faɗa wa likita kafin ya rubuta, ya zaɓi wanda zai jure. In ya zama dole, kular da aka zuba wa ƙanƙara ta fi komai, a sa kwalbar a leda kada ruwa ya shiga. Gindin randa, ko tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, irin wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa, sun fi kan taga nesa ba kusa ba, amma sanyinsu bai kai na firiji ba. Ko'ina aka ajiye, ya zama inda yayyensa ba za su kai ba, don maganin yara zaƙi gare shi.

Abin da za ki sa wa ido

Bayan gida ya ɗan saki, ƙurajen ƙunzugu, ko fari-fari a harshe da cikin kunci, duk suna faruwa domin maganin na kashe har da ƙwayoyin da ke da amfani a jiki. Ba dalilin dainawa ba ne. Ki ƙara ba shi nono, ki faɗa idan kin koma.

Waɗanda ake tsayar da magani a ruga asibiti saboda su daban ne: borin jini, kumburin fuska ko leɓe ko ido, numfashi na fita da ƙyar ko da ƙara, jiki ya saki bayan sha. Haka fata ta yi bororo tana saɓulewa, baki ya yi gyambo, ido ya yi ja, wanda aka fi gani da Septrin. Haka gudawa mai yawa ko mai jini. Ki tafi da kwalbar a hannu.

Ana sa ran ganin sauƙi cikin kwana 2 zuwa 3: zazzaɓi ya sauka, numfashi ya lafa, ya koma kama nono. Idan babu canji, ko ya ƙara tsanani ko da a ranar farko ce, ki mayar da shi. Kada ki ƙara awo da kanki, kada ki sayo wani ki haɗa. Farasitamol yana sauke zafi ne kawai, saukar zafin bayan an sha shi ba shaidar warkewa ba ce.

Akwai magungunan da jariri ba ya kusanta sai da hukuncin likita. Kuloramfenikol yana taruwa a jinin sabon haihuwa har jikinsa ya yi toka-toka ya mutu. Tetrasaikilin, kafson nan ja da rawaya da ake fasawa a zuba wa yara a ruwa idan suna gudawa, yana ɓata haƙori har abada, ba a ba ɗan ƙasa da shekara 8. Septrin ba a ba jaririn da bai kai mako 6 ba, domin yana iya tura shawara zuwa ƙwaƙwalwa. Allurar seftriyakzon ma ana kauce mata ga sabon haihuwa mai shawara. Maganin cibiya na kuloheksidin kuwa na cibiya ne kaɗai, an samu jariran da suka makance saboda an ɗauke shi maganin ido.

Wata za ta ce, to ai ma'aikatan lafiya sun zo gida-gida suna ba yara masu lafiya azitromaisin. Gaskiya ne. Binciken da aka yi a Nijar da Malawi da Tanzaniya, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna rabon wannan magani sau biyu a shekara ya rage mutuwar yara, a Nijar da kusan kashi 18 cikin 100. Shi ya sa ake yinsa a yankunan da mutuwar yara ta yi yawa. Amma tsari ne na hukuma, da awonsa, kuma ba a ba wanda bai kai wata ɗaya ba. Haka yaro sikila da aka ɗora a kan fenisilin na kullum, da wanda mahaifiyarsa ke da cuta mai karya garkuwar jiki da ake fara wa Septrin a mako na 6, da mai tamowa da ake haɗa wa amoksisilin. Duk waɗannan likita ne ya tsara su da dalili.

Mataki na ƙarshe: kammalawa

Idan an ce kwana 5, kwana 5 ne, ko da a na uku yana ta dariya. Idan an ce 7, to 7. Likita ne kaɗai zai rage ko ya ƙara. Ƙwayoyin da suka rage bayan an yanke magani suna iya sake tasowa, shan maganin barkatai kuma shi ke koya musu jure shi, kamar sauron da ya saba da maganin feshi har ya daina jin sa. Wani babban nazari da aka wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kusan ɗaya cikin biyar yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi ko'ina yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Wani binciken kan jarirai a ƙasashe bakwai, wanda ya haɗa da asibitoci a Kano da Abuja, ya gano da yawa daga ƙwayoyin da ke shiga jinin jarirai ba sa jin ampisilin da jentamaisin, wato magungunan farko da ake dogaro da su. Idan waɗannan suka gaza, na gaba da su sun fi tsada, kuma ba kowane asibiti ke da su ba.

Ki kai shi ranar da aka ce ki dawo ko da ya warke. Idan sanƙarau ya yi, ko ya daɗe a kan jentamaisin, ki nemi a gwada jinsa, a gida kuma ki lura ko yana firgita da ƙara ko yana juyowa idan an yi magana. Ragowar maganin ba ta da amfani ga ƙanensa ko ɗan kishiya ko shi kansa nan gaba. Ki juye ta a cikin ƙasa ko toka, ki ɗaure a leda, ki jefa a sharar da yara da dabbobi ba sa tonawa, ba a kwata ko kusa da rijiya ba. Sannan ki rubuta sunan maganin da watan da ya sha a bayan katin rigakafinsa, da duk wani ƙurji ko kumburi da ya fito masa, domin likitan da zai gan shi nan gaba zai tambaya.